Zare tsakanin Ambursa da Madina

Muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, saura kwana goma sha wani abu a fara jigilar maniyyata, Inna tana tsince wake a faifai. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, wai tahiyar nan awa nawa ta?" Ni ne ɗanta na fari, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Tun da na fara koyarwa ta samu mafita, ta bi sahun 'yan unguwa tana ce mini Malam.

Shekara goma sha shida ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Argungu. In akwai tambayar da bai kamata ta kayar da ni ba, to wannan ce. Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Washegari bayan an tashi na shiga ofishin malamai na sauko da ƙwallon taswirar duniya, wanda yara ke kira gulob, na kaɗe masa ƙura. Zare kuwa a keken ɗinkin maiɗakina na tsinko shi tun da safe. Babu Birnin Kebbi a jikin ƙwallon, balle Ambursa inda filin jirgin Sir Ahmadu Bello yake, sai na bi layuka: digiri 12 da rabi arewa, digiri 4 da ɗoriya gabas, na ɗiga alli. Madina tana nan a rubuce, digiri 24 da rabi arewa, kusan 40 gabas. Na danne bakin zaren a kan allin, na ja shi ya miƙe tsam har Madina, na ɗora a kan rula. Santimita 9 da ɗan kai. Na zagaya ƙugun ƙwallon da wani zaren, ya ba ni santimita 94. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, ke nan kowace santimita tana wakiltar kilomita 425. Da na ninka sai ga kilomita 3,900 da 'yan kai.

Na duba a waya don kada in ji kunya, lissafin ya zo ɗaya. Sai dai wayar ta jero mini lambobi uku a kan nisa guda: na kilomita, da mil wajen 2,450, da mil na teku wajen 2,130. Wannan na ƙarshen shi matuƙa jirgi ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Na sha jin mutane biyu suna musu a kan nisan gari, kowa da lambarsa a waya, alhali duk gaskiya suke faɗa, mudun ne ya bambanta.

Abin da ya tsayar da ni ba tsawon zaren ba ne, inda ya bi ne. A kaina hanyar Makka ta Kano da Maiduguri take, don ta nan na taso ina jin an bi. Zaren ko kallon Kano bai yi ba. Ya wuce ta gefen Sakkwato, ya hau kan Maraɗi, ya bar Damagaram da Tafkin Chadi a hannun dama, ya faɗa cikin Sahara ta arewacin Chadi, ya yanki kusurwar arewa ta Sudan, ya shiga kudancin Masar, ya tsallake Bahar Maliya. Idan ka mayar da wannan layin kan shimfiɗaɗɗiyar taswirar da ke bangon aji, zai fito da ɗan lanƙwasa, ka rantse ba shi ne mafi kusa ba. Shi ne. Taswirar bangon ce ke da lanƙwasar, don an ɗauki abu mulmulalle an baje shi kamar tabarma.

Saura lokaci. Manyan jiragen fasinja suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Na raba 3,900 da 850, na samu awa huɗu da minti talatin da 'yan kai. Na ƙara rabin awa na hawa da sauka, don jirgi ba ya tashi da cikakken gudu kuma ba ya sauka da shi. Na koma gida da amsata a aljihu kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Awa biyar, Inna."

Ta yi shiru tana auna maganar. "Tsakanin azahar da magariba ke nan." Sai ta girgiza kai. "Baba shekara bakwai yay yi."

Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari, amma ranar ne na fara bin sa da yatsa a kan taswira. Mahaifinta ya bar Argungu yana saurayi, kafin a haife ta, da jaki da ayari. Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeche, sannan Junaina da Fashir a Darfur, har Ubayyid inda layin dogo ya tsaya. Guzuri ya ƙare tun kafin nan, sai ya yi abin da dubban takari suka yi, ya tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira. Ya zauna a kusa da Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Can ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya haye zuwa Jidda. Zuwa da dawowa, shekara bakwai. Da ya iso gida an riga an raba gadonsa.

Awa biyar ɗina bai yi mako ba ya faɗi. A wajen bita, bayan malami ya gama bayanin ihrami, wani jami'i ya miƙe ya ce kowa ya shirya wa zaman awa shida ko fiye a cikin jirgi, masu ciwon ƙafa su riƙa motsa ta. Na same shi a waje na ce ranka ya daɗe, ni lissafina biyar ya ba ni. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka manta da Sudan."

Na manta kuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar ga jiragen fasinja, kuma Sudan ba ƙaramar gona ba ce da za a raɓa ta gefen kunya. Tana kwance daidai tsakaninmu da Bahar Maliya. Dole jirgi ya kewaye, kewaye kuwa mai ne, mai kuma kuɗi ne. Shi ya sa a hajjin 2023 kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Na karanta labarin a lokacin, na yi tsaki na wuce, ban haɗa shi da zarena ba. Ko ba yaƙi ma, jirgi ba ya bin zare sak. Sama tana da hanyoyinta da mahaɗarta kamar ƙasa, kowace ƙasa da izininta, kuma matuƙi yana kauce wa hadari.

Da na gaya wa Inna, ba ƙarin awar ce ta dame ta ba. Cewa ta yi, "Ƙasar da Baba yat taka da ƙahwa, mu ko ta bisa ba mu iya bi?" Na ce haka ne. Ta ce Allah shi kyauta, ta ci gaba da ɗaure kayanta.

A shekararmu, 2024, daga filinmu na Ambursa aka buɗe jigilar ƙasa baki ɗaya. Ranar 15 ga Mayu Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo ya sallami jirgin farko zuwa Madina. Mu muna sawun baya. Kullum sai na duba waya, har wata Lahadi da dare saƙo ya shigo: sunana da na Inna sun fito, a hallara a sansanin alhazai na Birnin Kebbi washegari.

Mun bar gida Litinin ƙarfe takwas na safe. Na rubuta lokacin a bayan ƙaramin littafin addu'o'ina, don na ƙudurta sai na auna tafiyar nan daga ƙofa zuwa ƙofa. Ƙanena ne ya tuƙa mu. Wanda ya san hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi ya san filin jirgin a kan hanya yake, kafin a shiga gari. Muna wucewa na nuna wa Inna. Ta leƙa ta taga ta ce, "To ba nan na ba? Mi za mu yi Birni?" Minti arba'in daga gida mun iso bakin filin. Sai da muka yi kwana biyu da wuni kafin mu sake ganin ƙofar.

Sansani layi ne bayan layi. Na tantance suna, na karɓar fasfo da biza, na duba katin riga-kafi, na guzuri, wanda a shekarar dala 500 ne, sai na awon jakar hannu da ba a yarda ta wuce kilo 8 ba. A nan aka raba Inna da goronta. Ta naɗe shi a ganye ta cusa cikin safa, wai ba mai gani. Wata jami'a ta lalubo shi ta ce, "Hajiya, wannan in an gan shi can, ba ni za a tambaya ba." Inna ta raba wa masu shara, tana yi tana kallona kamar ni na kai rahoto.

Zuwa la'asar mun gama komai. Aka ce jirgi cikin dare. Dare ya yi aka ce da asuba. Da asuba aka ce bai baro Saudiyya ba.

A zaman nan ne na fahimci abin da babu shi a littafin da nake koyarwa. Jirgin da zai ɗauke mu ba ajiye yake yana jiranmu ba, jigila yake yi kamar motar kasuwa. Ya kai mutane awa shida, a sauke su, a share, a sha mai, a duba lafiyarsa, ya dawo awa shida, ma'aikatansa kuma suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi kafin su huta. Can Madina ma ba saukar ganin dama ake yi ba. Jirage ne daga Indunusiya, Pakistan, Turkiyya, ko'ina, kowa da lokacin da aka yanka masa, wanda ya rasa nasa sai ya jira wani. Saboda haka awa ɗayan da Sudan ta ƙara ba awa ɗaya ba ce. Biyu ce a kowane sawu, kuma jinkirin sawun jiya a kan na yau yake sauka, na yau a kan na gobe. Mu da ke tsakiyar layi mu ne muka gaji bashin na gabanmu.

Na yi ƙoƙarin yi wa wani dattijo daga Gwandu wannan bayanin, muna kwance a tabarma zafi ya hana barci. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, kai dai ka ce ba a kira mu ba tukuna." Ban ƙara ba.

Laraba ƙarfe uku na rana motoci suka zo. Kabbara ta tashi, mata na kuka, 'yan rakiya na ɗaga hannu ta bayan shinge. A filin jirgi wani sabon layin ne: bincike, hatimin fita a fasfo, katin shiga jirgi mai lambar kujera. Muka yi la'asar, muka yi magariba. Jirgin na tsaye muna ganinsa ta gilashi, sai ga hadari ya taso daga gabas da iska da jan ƙura, irin na farkon damina. Ba wanda ya ce a jira, kowa ya gani da idonsa. Bayan isha'i sama ta lafa aka fara shiga.

An rufe ƙofa goma da minti goma. Tayoyi sun bar ƙasa sha ɗaya saura minti ashirin. Na rubuta duka biyun, domin a nan ma akwai mudu biyu. Lokacin da kamfanoni ke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye har ya tsaya a wancan gefen. Wanda matuƙi ke sanarwa kuwa na sama ne zalla. Shi ya sa za ka ji alhazai biyu da suka zauna kujera ɗaya, wannan ya ce shida, wancan ya ce kusan bakwai.

Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba. Na ɗaura mata bel, muka karanta "Subhanallazi sakhkhara lana haza" tare. Da injin ya ɗau ƙara ta kama hannuna, abin da rabonta da yi tun ina yaro, ba ta saki ba sai da fitilun Birnin Kebbi suka koma kamar garwashi a murhu. Ta ce kunnenta ya toshe, na ce ta haɗiyi yawu. Matuƙi ya yi magana da Larabci da Turanci, wani jami'inmu ya karɓi abin magana ya fassara: awa shida da minti ashirin, in Allah ya yarda, kuma za mu yi sama da kilomita 11 daga ƙasa. Mutanen da suka kwana biyu suna fifita da kwali suka shiga neman bargo. A wannan tsayin sanyin waje yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, amma ban gaya wa Inna ba.

Aka kawo abinci, aka rage fitila, jirgi ya yi tsit sai minshari da ƙarar carbi. Ni ban runtsa ba. Wajen ƙarfe uku a agogon hannuna na ga wani siririn haske a gefen sama, fari-fari, yana faɗaɗa. Na san abin da nake gani, amma sai da gabana ya faɗi, don jikina ya san ƙarfe uku tsakar dare ne. Wani a baya ya ce alfijir ya keto. Wani ya ce haba, ya duba agogo, a Jega sai biyar ta wuce ake kiran salla. Musu ya kaure a hankali, kowa na nuna wa ɗan'uwansa waya.

Wannan dai darasin aji ɗaya ne, na koyar da shi ya fi a ƙirga. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Madina tana gabas da mu da digiri 35, ke nan rana tana riga isa can da awa biyu da kusan minti ashirin, agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu cif. Mu kuwa gabas muke gudu, muna taryen rana, ga shi muna bisa inda ake hango ta tun kafin na ƙasa su gani. Na buɗe baki zan fara, sai malamin da ke cikin tawagarmu ya miƙe ya gama da magana ɗaya: salla da alfijir take aiki, ba da agogon Jega ba, wanda ya ga haske ya yi niyya. Aka yi ta a zaune. Inna ta shafa addu'a ta ce, "Wanga dare an yanke mai wutsiya."

Mun sauka a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz ƙarfe biyar daidai a agogona, bakwai na safe a nasu, rana ta riga ta yi fari. Awa shida da minti ashirin, matuƙi bai yi ƙarya ba. Sai layin hoton yatsu da na fuska, jiran kaya, jiran mota ta cika. Daga filin zuwa unguwar Harami bai fi kilomita 15 ba, amma sai goma da rabi na ajiye jakar Inna a ɗakinsu.

Na zauna a bakin gado na buɗe bayan littafina. Litinin takwas na safe zuwa Alhamis takwas da rabi a agogon gida. Awa 72 da rabi. Abin da muka yi a sama bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Da yamma muna hanyar masallaci na karanta wa Inna lissafin, ina jiran ta yi mamaki. Ta ce ita ta riga ta ƙirga: salla goma sha biyar, daga azahar ɗin Litinin zuwa asubar da aka yi a sama. Na lissafa da yatsu a ɓoye. Huɗu, biyar, biyar, ɗaya. Haka ne.

Makka ba ta da filin jirgi, don haka bayan kwanakin Madina mota muka hau, kilomita wajen 450. Da tsayawar ɗaukar harami a Zul Hulaifa da binciken hanya, sai da muka fi daɗewa a motar nan fiye da yadda muka yi muna tsallake Afirka. Wannan ban ma rubuta ba, alƙalamin ya ɓace a Madina.

Dawowa ta Jidda ce, daga tashar alhazai ta filin Sarki Abdul'aziz mai rufi kamar jerin tantuna. Daga can zuwa Ambursa ya ɗan fi kusa, kilomita 3,800 da 'yan kai a miƙe. Nan ma an kwana a jira, amma zuwa lokacin jira ya zama ɗan gida. Da aka tabbatar za mu tashi tara na safe, na kira ƙanena na ce tara da shida sha biyar, ya zo ƙarfe uku. Ya ce, "Yaya, ka tabbata?" Na ce wa ke koyar da abin nan, ni ko kai?

Mun sauka ƙarfe uku, a agogon Jidda. A Ambursa ƙarfe ɗaya ce, ko azahar ba a kira ba. Awa biyun da aka karɓe mana a tafiya an mayar mana da su, ni kuwa na manta ban cire ba. Muka karɓi kaya da jarkar zamzam mai lita 5, muka fito. Alhazai na ta rungumar 'yan'uwansu ana guɗa, motoci na fita ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya rage daga mu sai wasu mutum uku na Zuru. Na kira ƙanena, ya ce yanzu ya shiga wanka, ai na ce uku.

Inna ta shimfiɗa dardumarta a inuwa, ta zauna a kan babbar jaka, ta kwance bakin mayafi ta ciro dabino biyu ta miƙo mini ɗaya. Ta daɗe tana taunawa tana kallon hanyar Argungu. Can ta ce, "Malam, zaren naka bai gaya maka wanga ba?"

Ƙanena ya iso uku saura kwata, yana murna ya riga lokaci.